Mai Shaida a Cikin Aljihu: Naɗar Kiran Waya da Amanar Ciniki a Maigatari

Lacca ga 'yan kasuwa da dillalai da matasan da ke hada-hada a yankin kasuwanci na kan iyaka, Maigatari, Jihar Jigawa

   

An nemi in yi bayani kan yadda ake saita waya ta riƙa naɗar kira da kanta. Saitin abu ne na minti biyu, kuma zan kawo shi dalla-dalla. Sai dai akwai abin da ya fi saitin nauyi, shi ne sanin muryar wa za ka naɗa, da saninsa ko a ɓoye, da kuma abin da za ka yi da ita bayan ta shiga hannunka. Matsayina tun daga farko shi ne: naɗar murya alheri ce ga ciniki muddin an yi ta a fili, an kuma riƙe ta amana.

Yadda waya ta raba ciniki da shaidu

Duk wanda ya saba shiga karar Maigatari ranar Alhamis ya san tsarin da muka gada. Mai sa yana tsaye, mai saye yana tsaye, dillali yana tsakaninsu. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har mai dabba ya ce ya sallama. Kafin a damƙa igiya mutane da yawa sun ji kuɗin, sun ga dabbar, sun san la'adar dillali. Fatoma ya san baƙonsa, kuma shi ne lamuninsa. Idan gardama ta taso gobe, akwai waɗanda za a kira.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ciniki ya fara barin wannan fili yana komawa cikin kunne. Yau mai riɗi yana gonarsa a Gagarawa, mai saye yana Dawanau a Kano. Mai shanu yana Dungas a Nijar, mahaucin da zai yanka su yana Legas. Zoɓo da ƙaro da wake duk haka ake cinikinsu. An samu sauƙi, an rage wahalar hanya, amma mutum biyu ne kawai suka ji abin da aka faɗa, kuma kowannensu yana da abin da zai samu ko ya rasa.

Mu a nan mun fi kowa sanin haka. An kafa wannan yanki na kasuwanci tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki domin hulɗa da maƙwabta. Sannan muka ga an rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, lokacin da aka ambaci Maigatari cikin iyakoki huɗu na farko tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni abokan ciniki na shekara da shekaru ba su iya haɗuwa ido da ido ba. Bashi da biyan bashi da alƙawari duk a waya aka yi su. Kaya sun daɗe a hanya, farashi ya sauya, canjin sefa da naira ya motsa, kuma da aka zo lissafi kowa ya tuna abin da ya tuna.

Mafi yawan irin wannan gardama ba cuta ce ke kawo ta ba. Mantuwa ce da rashin fayyace magana. Ga misali wanda kowane ɗan canji a zauren nan ya sani. Idan Banijare ya ce jaka ɗaya, sefa 1,000 yake nufi. Idan dattijon ɗan kasuwa na wajenmu ya ce jaka ɗaya, naira 200 yake nufi. Mutum biyu suna Hausa ɗaya, sun yi sallama kowa yana murna, alhali ba kuɗi ɗaya suka yarda da shi ba. Haka buhu: na wane awo? Haka "sati mai zuwa": Alhamis ɗin nan ko ta sama?

Addininmu ya riga ya yi mana maganin wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma umarninta shi ne a rubuta, a kafa shaidu. Wanda yake ciniki ta waya ba shi da marubuci a kusa, ba shi da shaidu. Naɗar murya ita ce abu mafi kusa da zai iya yi nan take, kafin a kai ga takarda.

Yadda ake saita wayar

Abu na farko, ba kowace waya ce ke yi ba, kuma akwai dalili. Dokokin ƙasashe sun bambanta. A Jamus laifi ne a naɗi maganar mutum ta sirri ba da yardarsa ba, har ana iya ɗaure mai yi. A jihar Kalifoniya ta Amurka dole sai duk masu maganar sun amince. Shi ya sa kamfanonin waya suke buɗe wannan aiki a wata ƙasa su kulle shi a wata. Wayar da aka shigo da ita ta hannu daga Turai za ta iya rasa shi, ko da irinta da aka saya a Kano tana da shi.

Abu na biyu, kada ku wahalar da kanku da manhajojin naɗar kira da ake saukewa. Kamfanin Google ya yi ta toshe musu hanya sannu a hankali, kuma daga 11 ga Mayu 2022 ya hana su amfani da ƙofar ƙarshe da suka rage da ita a shagonsa na Play Store. Sakamakon haka da yawansu muryarka kawai suke ɗauka, ta abokin maganarka ba ta fita. Waɗanda ake turawa ta bayan fage kuwa sukan nemi izinin shiga lambobinka da saƙonninka, ciki har da saƙon banki. Wanda ya ba su wannan izini ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Abin dogaro shi ne wanda ya zo cikin wayar tun daga kamfani.

Ga mai Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, hanyar kusan ɗaya ce. Buɗe wurin da kake buga kira. Duba sama ta hannun dama, za ka ga ɗigo uku ko alamar saiti. Taɓa, ka shiga saiti, ka nemi inda aka rubuta rikodin na kira. A ciki akwai maɓallin naɗa kai tsaye. Idan ka kunna shi, wayoyi da yawa za su ba ka zaɓi uku: dukkan kira, ko lambobin da ba ka ajiye ba, ko lambobin da ka zaɓa da kanka. Wayar da ke amfani da manhajar kira ta Google tana ba da biyun ƙarshe, kuma da zarar ta fara naɗa takan sanar da ku duka biyu da murya. Masu iPhone sai a Oktoba na 2024 kamfanin Apple ya kawo musu naɗar kira, shi ma da sanarwa, da hannu ake kunna shi kowane kira, kuma a lokacin fitowarsa Najeriya tana cikin ƙasashen da ba a buɗe wa ba.

Bayan saiti sai gwaji. Kira ɗan'uwanka, ka gaya masa gwaji kake yi, ku yi magana kaɗan, sannan ka saurara ka tabbatar muryoyin biyu sun fito. Da yake yawancinmu layi biyu muke riƙewa, na Najeriya mai 234 da na Nijar mai 227, a gwada kowanne daban. A kuma san inda wayar ke ajiye abin da ta naɗa: wata a tarihin kira, wata a cikin fayil. Ba ya cin wuri sosai, minti ɗaya bai cika wuce megabait ɗaya ba.

A lura da abu ɗaya: wannan saiti na kiran layi ne. Kiran WhatsApp yawanci ba ya shiga. Idan ta nan kuka yi magana, kafin ku rabu kowa ya tura wa ɗan'uwansa saƙon murya yana maimaita abin da aka tsayar. Wannan ma ya fi tsafta, domin kowa da bakinsa da saninsa ya faɗa.

A cikin zaɓi ukun nan na naɗa kai tsaye, shawarata ku guji na farko, wato dukkan kira. Ku zaɓi lambobin abokan ciniki, ku ƙara da baƙin lambobi idan 'yan damfara sun dame ku. Ga dalili. A 1971 shugaban Amurka Richard Nixon ya sa aka dasa masa na'ura a ofishinsa wadda ke fara naɗa da kanta da zarar ta ji murya. Yana ganin tarihi yake tarawa, kuma hujja ce a kan wasu. A Yuli na 1973 wani tsohon hadiminsa, Alexander Butterfield, ya bayyana wa kwamitin majalisar dattawa cewa na'urar tana nan. Shekara guda bayan haka kotun ƙoli ta tilasta masa miƙa kasakasan, aka ji muryarsa yana shirya rufa-rufa a badaƙalar Watergate, ya sauka daga mulki a watan Agusta na 1974. Na'ura ba ta san mai gidanta ba. Wayar da ke naɗar komai za ta naɗi fushinka, da gulmar da ta suɓuce maka, da kukan mahaifiyarka, da sirrin da ƙanwarka ta gaya maka game da aurenta. Babu ko ɗaya cikinsu da ya shafi kuɗin riɗi.

Maganar da ta cancanci a naɗa

Waya ba ta gyara magana. Idan an yi ciniki a dunƙule, a dunƙule za ta ajiye shi. Saboda haka dole mu koyi rufe ciniki da baki yadda marubuci yake rufe shi da alƙalami. Bari in kwatanta, da lambobi na misali kawai.

Dillali yana kara, ya kira mai saye. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Alhaji, wayata tana naɗar maganar nan saboda kada ni ko kai wani ya manta. Ka amince?" Alhaji ya ce ya amince. Suka yi tayinsu suka gama. Sai dillali ya ce: "To Alhaji, bari in maimaita. Yau Alhamis, kaza ga wata. Bijimai 12, farare 9, jajaye 3. Kuɗinsu gaba ɗaya naira kaza, naira nake faɗa ba sefa ba. Ka ba da kafin alƙalami naira kaza ta asusun wane. Ragowar sai mota ta sauke. Kuɗin mota da na yaran da za su raka dabbobi a wuyanka, la'ada a wuyan mai shanu. Idan wata ta faɗi a hanya, ga yadda za a raba asarar. Haka ne?" Alhaji ya ce: "Haka ne, na yarda." Wannan minti ɗaya ya fi awa guda ta surutu amfani. Bayan an kashe waya, dillali ya tura wa Alhaji kwafin, kowa ya riƙe nasa.

Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne, dattijo zai ji haushi. Ina girmama wannan tunani, domin kunya da kara suna cikin abin da ya riƙe kasuwar nan. Amma a duba: wanda ya ƙirga kuɗi a gaban wanda ya ba shi, ba ɓarawo ya kira shi ba, kuma duk mun yarda da haka. Abin da ke ɓata zumunci shi ne mutum ya gano bayan wata shida cewa ana naɗar muryarsa bai sani ba. Sanarwa kuma tana da wata fa'ida: da zarar mutum ya san maganarsa za ta zauna, yakan auna ta kafin ya furta. Magana zarar bunu ce, kuma gardamar da aka hana aukuwa ta fi wadda aka ci a gaban alƙali.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, ya kuma ambaci hirar waya da sunanta. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 12, ta hukunta wanda ya tare sadarwar wasu ba da izini ba, da ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tarar da za ta kai naira miliyan 5, ko duka biyun. Akwai tazara mai nisa tsakanin ka naɗi hirar da kai ne kake yin ta, da ka ɗauki wayar matarka ko ta yaron shagonka ka dasa mata abin da zai riƙa kawo maka maganarsu. Na biyun leƙen asiri ne, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi tun kafin a rubuta waɗannan dokoki. Gidaje sun mutu ta wannan hanya. Wanda zargi ya kai shi ga bin diddigin wayar iyalinsa, magani yana wajen zama da manya, ba wajen mai gyaran waya ba.

Kamfanoni da ke aiki a wannan yanki su lura da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Muryar abokin hulɗa bayaninsa ne. Kamfanin da ke naɗar kiran masu saye dole ya sanar da su, ya san dalilin da ya sa yake ajiyewa, ya kuma tsare abin da ya ajiye.

Idan magana ta kai kotu fa? Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, amma da sharuɗɗa: a nuna wace na'ura ce, tana aiki daidai a lokacin, a kuma haɗa da takardar tabbaci mai sa hannu. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, kotun ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Darasi a nan shi ne a riƙe asali. Kada a yanke, kada a haɗa, kada a sayar da wayar da aka naɗa da ita alhali ana cikin rigima. A kotun shari'ar Musulunci kuwa ginshiƙi shi ne shaidu da iƙirari da rantsuwa. Murya tana taimaka wa alƙali, sau da yawa ma wanda ya ji muryarsa yakan amsa da kansa, amma ba ta ɗauke wa babban ciniki buƙatar takarda da shaidu ba.

Akwai ƙarin dalilin da ya sa ba za a jingina da murya kaɗai ba. Yanzu kwamfuta tana kwaikwayon muryar mutum. A 2019 an damfari wani kamfanin makamashi a Ingila yuro 220,000, bayan shugabansa ya amsa kiran da ya ɗauka muryar maigidansa ce. Abin da ya faru can zai iso nan. Idan ka ji muryar Alhaji daga baƙuwar lamba yana cewa a tura kuɗi wani sabon asusu, kashe ka kira lambarsa da ka sani. Haka kuma idan aka turo maka murya a zauren WhatsApp aka ce wane ne ya faɗi kaza, kada ka zama mai yaɗawa.

Riƙon amana

Abin da ka naɗa rabinsa naka ne, rabi na wanda kuka yi maganar. Saboda haka sa wa wayarka makulli. Wayoyinmu suna kwana wajen masu caji, suna zuwa wajen gyara, yara suna wasa da su, ana sayar da su a sayi wasu. Kafin waya ta bar hannunka, kwashe abin da ke ciki ka goge. Sa wa kowane fayil mai muhimmanci suna da kwanan wata, ka ajiye kwafi a katin memori ko a ma'ajiyar intanet mai kalmar sirri. Ranar da aka biya kuɗi aka sauke kaya kowa ya gamsu, goge shi. Kada kuma ka taɓa bari a naɗi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar su.

Idan gardama ta taso, wurin da za a kunna murya shi ne gaban shugaban kasuwa, ko mai unguwa, ko alƙali. Ba Facebook ba, ba majalisar shayi ba. Wanda ya watsa muryar abokin cinikinsa don ya kunyata shi, ko ya riƙe ta yana yi masa barazana, ya tashi daga mai neman hakki ya koma mai laifi, kuma babu ɗan kasuwar da zai sake sakin jiki da shi a waya.

Kira ga shugabanni da matasa

Ina roƙon shugabannin kara da na 'yan hatsi da na direbobi su zauna su tsayar da magana ɗaya, su sanar da ita a kasuwa ta bakin sanƙira: cewa sanar da naɗar murya a ciniki ba raini ba ne, kuma muryar da aka naɗa da sanin kowa ita ce za a fara saurara wajen sulhu. Idan umarnin daga sama ya fito, ƙaramin dillali ba zai ji nauyin faɗa wa babban Alhaji ba. A kuma isar da wannan ga takwarorinku na Dungas da Magarya a ƙetaren iyaka, domin ciniki ɗaya muke yi.

Ku kuma matasa, ku ne ake miƙa wa waya a ce a saita. Idan mahaifinka ko ubangidanka ya ba ka tasa, zaɓar masa lambobin ciniki kaɗai, ka nuna masa inda abin yake, ka koya masa gogewa. Idan wani ya zo da wayar da ba tasa ba ya ce ka dasa mata abin sauraro, ka ce masa a'a, ko nawa zai biya.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya kiyaye dukiyoyinmu da mutuncinmu, ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.